Rawar Kan Moto a Hanyar Gidimuni

"…lafiya lau, sai kewar amarya. Ina kwanan naki, tsohuwa?"

"Kwana ya yi daɗi tunda ban yi mafarkinka ba. Ya gajiyar hanya, mijin da ba ya cefane?"

Kakata ce, Jummai, wadda ta haifi babana. Cutar yanar ido ta rufe mata ido ɗaya tun bara, ɗayan ma ya fara hazo. Likitocin ido baƙi sun sauka Damagaram na kwana biyar, yau ne na biyar ɗin, kuma takardar randebu, wato ta alkawarin ganin likita, ta ce ƙarfe goma ake rufe rubuta suna. Wanda ya makara sai baɗi, idon kuwa ba zai jira baɗi ba. Daga ƙofar gidanta a Gidimuni zuwa can kilomita sittin da takwas ne, na auna jiya da na zo. Na ce mu tashi ƙarfe takwas. Sai da ta shiga gida goma sha ɗaya sallama, ina biye da ita ina duba agogo.

"Kaka, takwas da minti ashirin da biyar."

"To ni na ce ta yi? Alkasum, ba a barin gari kamar ɓarawo."

"Likita za ki, ba Makka ba. Jibi kina gida."

Ta miƙa hannu tana laluben moton, wato babur ɗina, sai ta ci karo da sabon gilashin da na sa aka ɗaura a kansa shekaranjiya, dogo har haɓata, bulon huɗu, wato notuna, ke riƙe da shi.

"Wannan tagar fa? Ɗaki ka gina wa moton?"

"Farburis ake ce masa. Iska yake tarewa."

"Allah sarki. Mutum kamar karan dawa, dole ya ji tsoron iska."

Ta sa aka ɗaure buhun dabino tiya shida, wato kwanon awo shida, a can ƙarshen ƙarfen baya, wai tsarabar likita. Ita kuma ta hau ta jingina da buhun, ta bar taki biyu cur tsakanina da ita.

"Matso mana. Kullum kina ce wa mutane ni mijinki ne."

"Miji a gida. A hanya kowa ya kama mutuncinsa. Kakanka shekara arba'in muna zuwa kasuwa, raƙuminsa daban, jakina daban."

Muka hau kwalta. Arba'in lafiya, hamsin lafiya. Muka fita daga inuwar garake muka shiga fili, iska na bugowa daga dama. Allurar gudu na taɓa sittin da biyu na ji kan moton ya fara kaɗawa a hannuna, kaɗan-kaɗan, kamar kazar da ke duban shaho. Kafin in ƙirga uku ya koma fizga, hagu, dama, hagu, tayar gaba na rubutu a kan kwalta. Ban taɓa birkin gaba ba. Na saki wuta a hankali, na matse tanki da gwiwoyina, ina jin salatin Kaka a bayana, har muka gangara gefe kusa da wata gonar gero.

"Alkasum."

"Na'am."

"Ni ka ɗauko, ko gawata aka aiko ka ka kai?"

"Ba abin da ya faru. Ɗan motsi ne."

"Ɗan motsi. Hanjina ya zo wuya ya gaida haƙorana biyu ya koma. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Juya ka mai da ni gida."

Na duba agogo. Tara saura biyar. Mun ci kilomita goma sha bakwai, saura hamsin da ɗaya. In na lallaɓa a arba'in da biyar, minti sittin da takwas ke nan, mu isa an naɗe takarda. Na duƙa na matsa tayar gaba, iska dam. Na girgiza wuyan moton, babu sako-sako. Na taɓa bulon huɗun, duk a ɗaure.

"Buhunki ne," na ce. "Da ke. Kun taru a baya kun ɗage masa kai, taya ba ta kama ƙasa."

"Ni? Ni da ko tiya goma ban kai ba? Laifi tudu ne. Tagarka ce. Na ji iska na dukanta kamar ana kaɗa faifai."

"Jiya ni kaɗai na zo da shi har tamanin, ko gezau."

"Jiya iskar tana barci. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi…"

"Babban da ɗazu ya yi wa turmi sallama?"

"Turmin ya fi ka amfani, ko ba komai ana daka a cikinsa. Kai me aka taɓa samu a cikinka ban da lissafi?"

Gaskiya ban san wane ne mai laifin ba, gilashin ko kayan, ko kuwa haɗuwarsu. Da da hali sai in cire ɗaya in gwada, in mayar in cire ɗayan. Kowane gwaji minti biyar ne, kuma ba ni da su.

"Kaka, a sauke dabinon nan."

"In je wa mutum hannu rabbana, ya sa mini wuƙa a ido? Wa ya taɓa yin haka? Mai aski ma ana ba shi goro kafin ya taɓa kai."

"Aikin kyauta ne. Su ba sa karɓar komai."

"Shi ne abin tsoron. Wanda bai ci naka ba, me zai sa ya ji kunyarka?"

Ta faɗi haka tana murza bakin mayafinta, ta murza ta sake, ta murza ta sake. Sai a lokacin na gane gidajen nan goma sha ɗaya ba yawan zumunci ba ne kawai.

"Tsoro kike ji, amarya?"

"Tsoron wa? Na haifi tara a ɗaki, ko uhm ban ce ba. Kai da aka yi wa kaciya sai da maza huɗu suka danne ka, unguwa ta ɗauka rago ake yankawa."

"Uku ne."

"Ka ƙirga ke nan."

"Minti goma sha biyar aikin yake. Ranar farko na je na tsaya a ƙofa na ƙirga, mutum ashirin da shida suka shiga, ashirin da shida suka fito da ƙafafunsu. Har da wata da ta girme ki, tana fitowa tana tambayar fura."

Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta kaɗa gilashin, kan moton ya juya da kansa a tsaye. Mu duka muka ji ƙarar.

"Ka ji ko? Ko ba kowa a kai sai ya yi gardama. To wai me ya kai ka saya? 'Yan matan Birni kake so su ce ga mai jirgi?"

"Ina ruwanki."

"Da ruwana, tunda ni za a kashe."

"In an yi aikin, likita ya ce kar iska ta taɓa idon. Jibi a kan moton nan za ki dawo."

Ta juyo da idon mai ɗan gani wajena ta daɗe.

"Ashe sakarcin naka da dalili. To ji nan, wawa. Jibi wa ke koran mu? Ka tafi kamar jaka mai ciki, in rufe fuskata da mayafi ninki uku. Yau ne ake sauri. Cire tagar."

"In na cire, ke ma ki bar naki. Buhu ya dawo kan tanki, ke ki matso ki riƙe ni."

"A gaban jama'a?"

"Wace jama'a? Gero ne da fari."

"Mirya fa? Akwai masu sanina a Mirya."

"Ki ce musu angonki ne ya matsa."

"Su ce Jummai ta lalace, ta rasa wanda za ta aura sai tsinken sakace."

Na fiddo kile, ƙarfen kwance bulon. Bulon na farko ya fita, na biyu ya fita, na uku ya ƙi, sai da na taka da ƙafa. Tara da minti uku. Wani dattijo da ke girbi a gonar ya matso yana kallo, muka gaisa, ya ce sunansa Nomau, in bar gilashin a ƙarƙashin rumbunsa har mu dawo. Kaka ta sa na kwance bakin buhun ta cika masa hula.

"Tiya shida ta koma biyar da rabi," na ce.

"Rufe mini baki ka ɗaure."

Na ɗaure buhun a kan tanki. Ta hau, ta matso taki ɗaya.

"Saura ɗaya."

"Kai dai Allah ya shirye ka."

Ta matso. Hannuwanta biyu suka kama rigata ta gefe, kamar mai riƙe kunnen tukunya mai zafi. Tara da minti shida muka tashi.

Hamsin. Hamsin da biyar. Sittin. Na ce mata, "Ga wurin nan, ki yi addu'a." Sittin da biyu, sittin da biyar. Kan moton ya tsaya cak kamar an kafa shi. Saba'in. Iska ta cika mini ido da hawaye, ƙwaro biyu suka fashe a goshina, ban damu ba.

"Yana rawa?" ta tambaya a kunnena.

"Ya daina."

"To ni ce nake yi yanzu. Kar ka kula."

A Mirya ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, amma ba ta saki rigar ba. Wani amalanken shanu ya ci mana minti biyu, rami bakwai suka ci ɗaya. Muka shiga Damagaram, muka tsaya a ƙofar likita goma saura minti shida. Na bar moton a kunne na ruga da takardar. Ma'aikaciyar ta riga ta rufe biro, ta dube ni, ta dubi agogon bango, ta sake buɗewa. Lamba hamsin da tara.

Da na dawo Kaka na tsaye a jikin moton, ta dafa buhunta, leɓenta na motsi.

"An rubuta ki. Mutum huɗu ne a gabanki."

"Huɗu kawai?" Ta murza bakin mayafinta. "Za ka tsaya a ƙofar?"

"Ba inda za ni."

"To ka shirya. In suka buɗe idon nan na ga fuskarka sosai, ƙila yau ɗin nan in nemi takardata."

"Ki fara ganin taki a madubi, sai mu ga mai neman saki."

Dariya ta ƙwace mata har da tari. Ta zura hannu a buhun, ta lalubo tafina ta cika shi da dabino.

"Ungo, ɗan banza. Ba ka da kyau, ba ka da nama, amma tuƙi dai ka iya. Kama hannuna mu shiga."