Kibiyar da Ta Ƙi Sunkuyawa

"Lafiya lau, angona. Ina gajiya, ina kuma sauran haƙora?"

"Suna nan guda huɗu, sun ishi tuwonki mai gudaji. Miƙo saƙona."

Haka Kauthar ta gaisa da kakanta, Baba Yamusa, ranar Asabar da hantsi a gonarsa ta bayan Sheda. Ni ne ubanta, ni ne kuma ɗansa, don haka na durƙusa na gaishe shi, na koma jikin mota na tsaya. Wata biyu ke nan wani ƙaton aladen daji yana tone masa doya, shi kuwa ya rantse da kwari da baka zai kashe shi, yana da shekara saba'in da takwas. Tsoro nake ji ƙwarai, amma ɗa ba ya kallon idon ubansa ya ce masa ya tsufa. Jika tana iya faɗa, har a yi dariya. Shi ya sa da ya ce a ƙero masa sababbin kibiyoyi a Gwagwalada na tura ta, na kuma raɗa mata abin da za ta gaya wa maƙerin.

Baba ya kwance ƙunshin, ya zaro ɗaya. Bai ko dubi kaifinta ba. Ya ɗora ta a gicciye kan ɗan yatsansa, ta kwanta daidai, babu gefen da ya rinjaya. Ya dube ta, ya dubi Kauthar, ya daɗe.

"Wannan kibiya 'yar Abuja ce irinki. Ba ta sunkuya wa babba."

"Ta ga babban ne? Ni dai tsoho na gani da wandon da ya girmi Najeriya."

"Wa ya rage mata ƙarfe?"

"Wa zai rage? Idonka ne ya rage, oga."

"Ba da ido nake awo ba. Ko dai kin sayar da rabin ƙarfen kin sayi janbaki?"

"Da janbaki nake so, ai da na auri mai albashi, ba mai fama da alade ba."

Ya shinshina kibiyar, ya ƙwanƙwasa ta a dutse, ya zaro ta biyu da ta uku, duk labarin ɗaya. Daga nan ya shiga jero zargi. Ya ce ko ta haɗa baki da aladen, an yi mata alkawarin doya. Ya ce ko wani saurayi ne a ɗakin gwaje-gwajen da take aiki yake neman a kawar da shi ya gaje ta. Ita kuwa ta ce gadon da zai bari bai wuce buta da rediyo ba, babu saurayin da zai sha wahala a kansu. Duk wannan lokacin bai waiwayo inda nake ba, kuma rashin waiwayen nan ya fi damuna.

Sai ya ciro wata tsohuwar kibiya daga kwarinsa, baƙa ƙirin, ya ɗora a yatsa. Nan take ta tuntsura ta gaba, sai da ya matso da yatsan kusa da ƙarfen kafin ta tsaya.

"Kin gani? Nauyi a ka yake zama. Kai ne ke shiga, kara bin sa kawai yake yi."

"Mara nauyi ta fi gudu. Na auna su a sikeli, lissafi ba ya ƙarya."

"To, ashe kin auna."

Kauthar ta kama bakinta, amma magana ta riga ta fita.

Akwai busasshen ƙirgin bijimi da Baba ya rataye a jikin mangwaro, nan yake gwaji. Ya ɗana sabuwar kibiya ya saki. Ta tafi fyu, gwanin ban sha'awa, ta sami ƙirgin a tsakiya. Kauthar ta fara tafi. Kibiyar ta yi lilo sau biyu, ta faɗo ƙasa.

"Fatar aladen ta fi wannan, ga kitse, ga ƙashin kafaɗa. Wannan tsokanarsa za ta yi kawai. Wanda aka tsokana kuma ba gudu yake ba, wajen mai bakan yake yowa. Ni ko taku goma ba na iyawa da gudu. Yanzu faɗa min, amarya, takaba kike marmari?"

Da Sallah na ga kibiyoyinsa suna faɗuwa kafin su kai bishiya, sai na ce a rage musu nauyi ko sa isa. A ganina taimako ne. Ashe da hannuna na kusa miƙa ubana ga alade.

Kauthar ba ta tona ni ba. Ta tsinci tsohuwar kibiyar ta miƙa masa, muryarta ta ɗan sauka.

"To harba taka mai ladabin, mu ga shigarta."

Ya karɓa, ya gyara tsayuwa, ya ja. Tsirkiya ta zo rabi ta tsaya. Ya saki, kibiyar ta tafi kamar an jefa muciya, ta caki kunyar doya nesa da mangwaron. Ni dai ƙasa na duba, don ban taɓa ganin abin da ya fi wannan ciwo ba.

"Doyar ta mutu," in ji Kauthar. "Allah ya ji ƙanta. Ko aladen bai yi mata haka ba."

Baba ya yi dariya har da tari, ya goge ido da bakin riga. Ya je da kansa ya zaro kibiyar, ya share mata ƙasa, ya ba ta. Ya ce ta kai wa Wisdom, maharbin ƙauyen gaba, ta ce ya sa a ƙera masa irinta guda shida, ya zo ya gama da aladen tun doya tana da saura.

"Wannan ce sadakinki, kada ki ƙara tambaya. Ki kuma gaya wa direbanki, wancan da ya maƙale a jikin mota, gobe in zai yi min wayo ya fara tambayar maharbi."

Kauthar ta sunkuya za ta tattara sababbin kibiyoyin ta mayar wa maƙeri. Ya sa ƙafa ya take ƙunshin.

"Bar min su. Suna kaiwa mangwaro, shi kuma ba ya biyo mutum."