Gwaggo Ta Cika a Kan Aiki

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, iyalan Malam Abdussalam na Bunkure, a madadin 'yarsu Rukayya, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da duk manoman rani na wannan yanki rasuwar Gwaggo, kwamfutar tafi-da-gidanka. Ta cika ranar Talata da hantsi a ofishin ƙungiyar masu ban ruwa, tana tsakar aiki. Shekarunta goma sha ɗaya a takarda. Waɗanda suka taɓa rataya ta a kafaɗa sun ce ta fi haka.

Marigayiyar ba haifaffiyar ƙasar nan ba ce. 'Yar gwanjo ta zo, ta yi shekara biyar a wani injin casar shinkafa a Kura tana shaƙar ƙaiƙayi, kafin Kawu Datti ya ba Rukayya ita lokacin da za ta fara karatun kwamfuta a Kano. Halinta ne ya jawo mata suna. Idan an tashe ta, sai ta yi "fuuuu" ta yi shiru, ta sake yin "ƙirrr", sannan ta buɗe ido a lokacin da ta ga dama. Ba ta son gaggawa, ba ta son a ba ta aiki biyu a lokaci ɗaya, kuma duk wanda ya ɗora ta a cinya ya san tana da zafi.

Amma an shaide ta da haƙuri. Batirinta ya riga ta tafiya da shekara uku, ta ci gaba da rayuwa a jikin waya ba ta taɓa kai ƙara ba. Maɓallin harafin "a" ya fita tun bara, kuma duk mai rubuta Hausa ya san wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Da tsinken tsintsiya Rukayya take tsokano shi.

Babban aikinta ya zo mata ne a ƙarshen rayuwa. Kowane rani, manoman da ke shan ruwa daga magudana ɗaya sai sun yi faɗa a kan wanda ke da ranar buɗe ƙofar ruwa. Takardar layi da ake liƙawa a bangon ofis kan wayi gari an gyara ta da biro. Bara maƙwabta biyu suka ɗaga wa juna fartanya, aka rufe ƙofar kwana shida ana sulhu, tumatirin Malam Abdussalam ya bushe a tsaye. Rukayya ta ga mahaifinta ya dawo daga gona hannu wofi. Washegari ta je ta sami shugaban ƙungiya, Alhaji Badaruddeen, ta ce za ta gina manhajar da za ta riƙe layin ruwa, wadda biro ba ya kama ta.

Alhaji ya ce shi a kwamfutar ofis yake son ta. Injiniyan da ke kula da magudana ya ce shi a shafin intanet zai riƙa dubawa daga Kano. Manoma suka ce su dai a waya.

"To 'yata, guda uku za ki yi ke nan?" in ji Alhaji.

"A'a, Baba. Ɗaya zan rubuta," in ji Rukayya. "Akwai wani tsarin gina manhaja, mu muna ce masa firemwok. Kamar babbar magudanar nan ne: ruwa ɗaya, amma ya shiga gonar shinkafa, ya shiga ta albasa, ya shiga ta alkama. Na rubuta sau ɗaya, shi zai fitar mini da ta kwamfuta da ta intanet da ta waya. Kuma ba daga ƙasa zan faro komai ba. Maɓalli da akwatin rubutu da jerin sunaye duk an riga an buga su kamar bulo, nawa jerawa ne."

Alhaji ya jinjina kai, ya dubi Gwaggo da ke huci a kan tebur.

"Wannan baiwar Allah ce za ta ɗauki bulon?"

Ta kuwa ɗauka. Wata huɗu tana ɗauka. Tsarin yana da wani alheri: idan Rukayya ta sauya launin maɓalli ko ta gyara suna, nan take ake ganin sauyin a allo. A wajen Gwaggo, "nan take" yana nufin a ɗora tukunya a wanke shinkafa a dawo. A wannan lokacin ne jinya ta fara. Allonta ya ɗauko wani koren layi daga sama har ƙasa, fankar cikinta ta koma kukan injin ban ruwa, har maƙwabciyarsu Uwa ta taɓa leƙowa ta katanga tana tambayar ko sun haƙa rijiyar burtsatse ne.

Ta kwamfuta ta fito lafiya. Ta intanet ma haka. Saura ta waya, wadda ita ce manoma ke jira, ga shi ranar Laraba za a saki ruwan farko. Ranar Talata aka taru a ofis, dattawa sha bakwai, Rukayya ta danna a haɗa ta waya. Gwaggo ta kai kashi arba'in cikin ɗari na aikin ta fara ihu. Rukayya ta taɓa ta, ta janye hannu. Alhaji Badaruddeen da kansa ya ɗauki mafici. Da hannunsa ya gaji Malam Abdussalam ya karɓa, sai na kusa da shi, aka yi ta zagayawa. Mutanen biyu da suka ɗaga wa juna fartanya bara, ranar an gan su kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na fifita da hula, ɗaya da murfin kwano.

A kashi tamanin ne Lukmanu ya shigo. Lukmanu manomin albasa ne, kuma ba ƙazafi ba ne idan aka ce ba a taɓa ganinsa babu biro a aljihu ba. Ya ce shi ma zai taimaka. Ya ɗaga marigayiyar ya tura mata ledar ruwa mai sanyi guda biyu a ƙarƙashi.

Gaskiya ta ɗan sami sauƙi. Ta kai kashi ɗari, manhajar ta sauka a wayar Rukayya, sunayen manoma suka bayyana kowa da ranarsa. Ana cikin tafi, zafin jikin Gwaggo ya huda leda. Aka ji "tsss", sai "ɗis". Allo ya yi baƙi, wani ɗan hayaƙi mai ƙaurin roba ya tashi. Rukayya ta danna maɓallin kunnawa sau bakwai. A na takwas mahaifinta ya riƙe mata hannu.

Lukmanu ya rantse da kyakkyawar niyya ya yi, kuma iyalan sun karɓi rantsuwarsa. Ranar Laraba an saki ruwa, kowa ya sha a ranarsa, ba a ɗaga ko tsinke ba. Ranar Lukmanu Asabar ce. Ya duba a wayarsa, ya ari ta maƙwabcinsa ya duba, ya je ofis ya duba a kwamfuta, duk Asabar ya gani.

Marigayiyar ta bar 'ya'ya uku, ciki ɗaya: ta kwamfuta, ta intanet da ta waya, duk suna cikin ƙoshin lafiya. Ta bar caja mai ɗauri uku na salatif, da jaka marar zif, da linzamin kwamfuta da tun rasuwar yake kwance ba ya motsi.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da safe daga gidan Malam Abdussalam zuwa shagon Badamasi mai gyara a Kura. Shi zai ciro ma'ajiyarta, inda duk rubutun Rukayya yake, ya kuma raba sauran sassan ga mabuƙata. Ana zaman karɓar gaisuwa a zaure bayan la'asar har kwana uku. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi Rukayya ko ta gwada kashewa ta kunna.

Ga masu cewa za su taimaka a samo wata, Rukayya ta gode, amma ta ce zuciyarta ba ta shirya ba tukuna, a bar ta ta yi jimami. Ta dai ƙara da cewa idan mutum ya matsa, kada ƙwaƙwalwar sabuwar kwamfutar ta gaza giga goma sha shida.