Farcen Malam Nata'ala

Malam Nata'ala mai gyaran rediyo yana da wata ɗabi'a. In ya ji murya ta dusashe a rediyon da yake gyarawa, ba ya cewa komai, sai ya ƙwanƙwasa akwatin da farce. A shekarar da unguwarmu ta Kilomita Biyar ta rikice ya fita da hantsi, ya ce yanzu zai dawo. Bai dawo ba, tun ranar ɗakinsa yake rufe. Bana jikansa Luqman ya buɗe shi, saboda bangon yana da kauri, ƙarar baburan 'yan moto ba ta shiga. A ciki ya ɗauki waƙar bikin ƙanwarsa Rahama, wadda za a saka gobe. Bayan la'asar ya kira kakarsa Hureira, matar Malam, ta saurara. Ni maƙwabcinsu ina zaune a bakin ƙofa.

"Lafiya lau, angona," in ji Hureira. "Wannan ce waƙar? Na ɗauka babbar motar Kamaru ce ta maƙale a taɓo."

"Tsohuwa, kunnenki ya yi ritaya tun kafin a haife ni."

"Kunne ya girmi kaka, ɗan nema. Ganga ta haɗiye muryarka. Ko da yake ta yi wa jama'a rana, murya kamar ta akuyar da aka take wa wutsiya."

"Da wannan muryar 'yan matan titin Koudoukou suke bi na. Kishi ne ke cin ki."

"Su ɗauka, na ba su kyauta har da tukwici. Sake sakawa."

Ya sake. Ana tsakiyar amshi sai muka ji wani ƙwas, ƙwas, siriri, daga cikin sipika. Hureira ta daina taunar goro.

"Wannan fa?"

"Haƙoranki ne ke kaɗawa."

"Nawa suka rage da za su kaɗa? Ka faɗi gaskiya."

Luqman ya sosa ƙeya. "Tun safe nake gogewa a kwamfuta yana dawowa. Ba zan kai wa Rahama waƙa da ƙwanƙwasa ba, a yi mata dariya gaban dangin miji."

"Wa ke ɗakin lokacin da ka ɗauka?"

"Ni kaɗai."

"Kashe gangar."

Ya kashe. "Kashe akuyar ma." Ya kashe muryarsa, ya kashe komai. Ɗakin ya yi tsit, har muna jin masu rufe shaguna can bakin titi. Sai ƙwas, ƙwas.

Ba wanda ya dubi teburin Malam da ke kusurwa.

"Ɓera ne," in ji Luqman, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ɓera mai sanin aiki. Ai bai taɓa wajen da sauti ya fita ba, sai inda ganga ta danne magana. Kai da ka ƙwace wa Malam mata, ka ƙwace masa ɗaki, ka ce ba zai duba aikinka ba?"

"Amarya, bar wannan wasan."

"Yau kuma ango ne ke tsoro? Rage gangar mu gani. In ta cika zaƙi fashewa take yi."

Ya rage ta, ya ɗaga muryar. Waƙar ta fito tas, ana jin kowace kalma. Amshi ya wuce ba ƙwanƙwasa. Baiti na biyu ma haka. Luqman ya fara murmushi.

"Kin gani? Gwaninta ce, ba..."

Ƙwas.

Wannan ya zo a baitin ƙarshe ne, inda yake jero iyayen amarya da kakanninta. Bayan sunan Hureira akwai ɗan gurbi, kiɗa kawai.

"Me ya sa ka yi shiru a nan?" ta tambaya.

"Ban san me zan ce ba, Kaka. Malam, ko marigayi."

Hureira ta gyara mayafinta. Ta dubi ƙofa, irin duban da take yi mata kullum da hantsi.

"To bar shi haka. Mai gurbi ya cike abinsa."

"A saka a gaban mutane?"

"Bikin jikarsa ne. Kai wa ya gayyace ka?"

Luqman ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. "Na sallama. Ku biyu kun fi ni kunne."

"Dama. Ungo, mijin banza." Ta kwance ƙullin makala, fanken garinmu, masu zafi ta miƙa masa, ta ware ɗaya ta ajiye a teburin kusurwa.

Rediyon yana nan kan teburin, bayansa a buɗe, kusoshinsa cikin murfin kwano, yadda mai shi ya bar su.