Labbo Mai Jari da Kuɗin Taki

Idan ana lissafin manyan mutanen da ƙasar Gobir ta haifa, rashin adalci ne a tsallake Labbo. Shi da kansa ya sha jawo hankalin jama'a ga wannan magana. An kai shi Sakkwato neman difloma, ya dawo Sabon Birni babu difloma, amma ya zo da abin da ya fi ta: tabarau marar magani, da waya mai faɗin faifai, da wani ilimi da ko malaman makarantar ba su san da shi ba. Sunan ilimin foka. Karta ce da ake bugawa ta waya. Mutum na zaune gindin dogon yaro yana karawa da waɗanda bai taɓa gani ba, kowa ya zuba kuɗi, wanda kartarsa ta fi ya kwashe.

Wanda bai yi karatu ba yana iya cewa ai caca ke nan. Haka Malam Nasiruddeen, limamin unguwarsu, ya ce. Labbo ya yi masa bayani cikin tausayi, cewa caca ta jahilai ce masu dogara da sa'a, tasa kuwa kimiyya ce ta lissafi da sanin halin ɗan Adam. Malam ya ce giya ko a butar alwala aka zuba ta sunanta giya. Labbo ya gyara tabarau ya yafe masa, don ba kowa Allah ya ba fahimtar zamani ba.

Ofishinsa teburin shayin Kamalu ne, bakin tashar 'yan kabu-kabu, inda ake samun inuwa da wurin cajin waya. Nan yake buɗe darasi da hantsi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

"Ku saurara in hwaɗa muku," in ji shi, yana kaɗa cokali cikin kofi. "Sirrin abin ga duka jari ne. Ɗan koyo shina zuwa da kwaɗai, ya zuba duk abin da ya mallaka ga teburi guda, a share shi. Ni ko ƙaramin teburi nika zama. Ba ni taɓa sa abin da ya wuce ɗan ƙanƙane cikin jarina. In karta ba ta yi kyau ba, in aje ta. In anka tsokane ni, in yi murmushi. Wanda ya mallaki zuciyatai, shi ya mallaki teburi."

Kamalu ne ya fara kiransa Mai Jari. 'Yan kabu-kabu suka ga sunan ya yi masa kaɗan, suka ƙara masa da Gwamnan Banki. Duk ya karɓa da tawali'u, yana ɗaga musu hannu kamar mai wucewa cikin mota.

A yi masa adalci, jarin ya ƙaru. Wata rana ya sanar da cewa ya ninka shi, aka yi ta jinjina, ba wanda ya tambayi abin da aka ninka. Wanda ya fara da kuɗin ƙwai ɗaya, in ya ninka, ƙwai biyu gare shi. Bayan watanni na sunkuyo da ciwon wuya, dukiyar Gwamnan Banki ta kai ta biya shayi da burodi, in ba a sa madara ba. Kuɗin datar da wasan ke ci ba ya shiga lissafi, don wannan, a cewarsa, kuɗin gudanarwa ne. Daga cinikin ƙuli-ƙulin matarsa Habi suke fitowa, ko da yake har yanzu ba a sanar da ita cewa tana da hannun jari ba.

Abokan karawarsa kuwa duk Turawa ne. Sunaye ne kawai da hotuna a fuskar waya, amma Labbo yana gane Bature daga yadda yake dannawa. In ya ci, ya koya wa wani attajirin Turai hankali. In an ci shi, da gangan ya bari, yana nazarin mutumin ne.

Da haka aka shiga bazara. Mahaifiyarsa Inno, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, tana da gonar gero ta wajen hanyar Alkalawa, kuma gonar nan ita ce rumbun gidan gaba ɗaya. Ƙasar ta gaji, in ba a ba ta taki ba ba ta ba da kome. Kowace shekara Inno takan adana buhunan wake sai sun yi daraja, babban ɗanta Lawwali ya kai su kasuwar Isa ya sayar, ya sayo takin zamani. Bana Lawwali ya tsallaka Nijar da kaya, harka ta riƙe shi can, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas.

Labbo ya miƙa kansa. Ya yi wa Inno jawabi mai tsawo kan sarrafa dukiya, ya tuna mata cewa abin da Lawwali ke yi da ƙarfin ƙafa shi da ƙwaƙwalwa yake yi. Inno ta dube shi ta dubi sama. Ba ta da wani ɗa namiji a kusa, damina kuma ba ta jiran kowa. Ta ce ya je, ya sayar, ya sayo, kada ya tsaya ko'ina.

Ranar kasuwa ya sa babbar riga mai sitaci, ya bi motar kaya zuwa Isa. Waken ya sayu da kyau, domin wake mai kyau ba ya bukatar mai tabarau. Dillalin ya tura masa kuɗin ta waya. Labbo ya dubi adadin ya ji wani sanyi ya ratsa shi, don tun da ya mallaki wayar nan ba ta taɓa ɗaukar nauyi irin wannan ba. Ya nufi rumfar mai taki, aka ce mai rumfar ya tafi salla, ya ɗan jira shi.

Babban mutum ba ya zama haka nan. Ya samu benci, ya buɗe ƙaramin teburinsa da ɗan jarinsa, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. A teburin akwai wani mai hoton bunsuru. Bunsurun ya ci shi. Aka sake rabawa, ya sake cin shi. A na uku ya kwashe sauran kuɗin shayin, sannan ya aiko masa da 'yar fuskar nan mai dariya har da hawaye, ya tashi ya koma babban teburi.

Labbo ya nemi murmushin da yake koya wa mutane, bai same shi ba. A ce shi, wanda duk tashar Sabon Birni ke miƙe wa, bunsuru ya yi masa dariya? Ya yi tunani irin na masana, ya gano cewa ƙa'idar ƙaramin teburi don 'yan koyo aka yi ta, shi kuwa ya wuce nan tuni. Kuɗin Inno ba taɓa su zai yi ba, rakiya kawai za su yi masa, su dawo da 'yan'uwansu kafin mai taki ya shafa fatiha. Har ya hango kansa yana sauke buhunan taki ninki biyu a ƙofar gida, Lawwali na sunkuyar da kai.

Ya bi bunsurun babban teburi. Aka raba, sai ga sarakuna biyu a hannunsa. Ya ga wannan ai ishara ce, sarauta ta gane ɗan'uwanta. Bunsuru ya ƙara kuɗi, Labbo ya ƙara a kai, bunsuru ya sake ƙarawa. Labbo ya danna wurin da ake zuba duka. Daidai nan sabis ya ɗauke.

Abin da ya biyo baya mutanen Isa ne suka ba da labarinsa. Sun ga wani mutum mai babbar riga ya zabura yana ɗaga waya sama, ya zagaya rumfa, ya hau benci, ya sauka, sannan ya kama jikin wata babbar mota da aka loda wa albasa ya haye har ƙololuwa. Ya tsaya can bisa, hannu a sama, iska na kaɗa riga. Jama'a suka fara taruwa, wasu na zaton wa'azi za a yi, wasu na cewa ɗan takara ne. Wata tsohuwa ta tambaya ko za a raba atamfa.

Sabis ya dawo. Sarakunan Labbo suna nan, sai dai gaba da gabanta, bunsuru na riƙe da kartar da ta fi sarki, har guda biyu. Wurin da adadin kuɗi yake ya zama fili fetal. Sai 'yar fuskar nan ta sake bayyana, tana dariya da hawayenta.

Direban motar ya ce masa in ya gama jawabin ya sauko, yana taka wa mutane albasa.

A hanyar komawa, bayan wani ɗan kabu-kabu da ya san shi ya ɗauko shi don Allah, Labbo ya shiga tunani. Ya tuna yadda Inno ta yi rani tana shanya waken nan tana tsince masu ƙwari ɗaya-ɗaya. Ya tuna bakunan da ke jiran geron bana. Ya kusa yin kuka. Amma baiwa ba ta barin mai ita, kafin su shiga gari ya riga ya tsara bayani.

Inno na zaune tsakar gida tana kaɗi. Ta dubi hannunsa, ta dubi bayansa.

"Ina takin?"

"Inna, kuɗɗin suna nan, mazauni kawai sunka sake. A harkar jari akwai abin da masana ka kira faɗuwar wucin gadi. Ko manyan bankuna..."

"Labbo, wake nib ba ka. Ka zo da taki ko ba ka zo da shi ba?"

Ya ce bai zo da shi ba. Ta ajiye mazari. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta shiga ɗaki ta daɗe, Habi kuma ta juya masa baya tana tuƙa tuwo da ƙarfin da tuwo ba ya bukata. Da Inno ta fito sai ta yafa gyale ta fita. Ta je wurin wata ƙawarta Bafillata da ke da shanu a bayan gari, daga nan ta biya gidan maƙwabci.

Da safe Labbo ya fito da niyyar zuwa ofis, ya tarar da jakin maƙwabcin a ƙofar gida, an ɗora masa mangala, ga shebur an jingina. Inno ta ce kashin shanu na can ya taru a makwantarsu, gona kuma ya san hanyarta. Zai yi ta jigila har ƙasa ta ƙoshi, ko ruwa ya sauka. Ta miƙa hannu ta ce ya kawo wayar, Lawwali na iya kira.

Hanya ɗaya ce daga wurin shanun zuwa gonar, kuma ta gaban teburin Kamalu ta bi. Da hantsi, lokacin darasi, sai ga Gwamnan Banki tafe bayan jaki, wando a naɗe, ƙudaje na yi masa rakiya, tabarau na nan daram. 'Yan kabu-kabu suka miƙe tsaye kamar yadda suka saba. Labbo ya tsayar da jakin, ya gyara murya.

"Ku lura da kyau, don ba kullum za ku ga irin haka ba. Wanga shi a abin da aka kira sake gina jari daga tushe. Turawa ma sun bar takin zamani, sun komo ga wanga. Ni dai na riga ku ganewa ne."

Kamalu ya ce ba shakka, Allah ya ƙara basira, sai dai a taimaka a matsa da jarin gaba kaɗan, mutane na karyawa.

Labbo ya daki jaki suka wuce. An daɗe ana jin labarin dukiyarsa da kunne, ba wanda ya taɓa ganinta da ido. Ranar nan kuwa duk tashar ta shaida ta da hanci.