Gaggafa da Ɗan Biri a Teburi Ɗaya

Na sha ƙoƙarin cire ta daga raina, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gwajin koyarwa a wata makarantar kuɗi da ke Kurmin Sarki ba. Na daɗe ba aiki, har matata ta fara yi mini irin kallon da ake yi wa tsohuwar kujera. Madam mai makarantar ta ce in koyar da bambancin tsuntsu da dabba mai shayarwa. In na burge ta, aikin nawa ne.

Sai na ga zane a allo ai na ƙananan malamai ne. Na aro gaggafa wajen wani maharbi a Izom, na kuma lallashi maƙwabciyata Maman Chidi ta ba ni aron ɗan birinta, wanda ta raina da bulumboti tun bai wuce dunƙulen hannu ba. (Gaggafar kuwa tun ana gobe gwajin na hana ta abinci, wai kada ta yi mini kashi a gaban Madam. Da digirina na yi wannan tunanin.)

Darasi ya yi daɗi. Na ce ita gaggafa ƙwai take sakawa, su birai haihuwa suke yi. Ƙashinta da iska a ciki saboda tashi, nasa da ɓargo. Ita baki kamar ƙugiya ba haƙori, shi da nonon uwa ya fara. Na ɗora su a teburi ɗaya don yara su kwatanta ƙafafunsu, na juya ina rubutu.

Ƙara ɗaya ɗan birin ya yi. Ashe igiyar da na ɗaure gaggafar da ita ta isa wurinsa, har da saura. Ta danne shi, farata sun nutse, ta baza fukafukai ta rufe abinta. Yara suka watse da ihu, wata ta yi amai a bakin ƙofa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da alli.

Madam ta ce, a hankali, "Malam, wannan ma yana cikin darasin ne?"

Ban tsaya jin sakamako ba. A kwali na mayar wa Maman Chidi shi. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, ka ce mini makaranta za shi." Har yau ba ta amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da na koya, a makare: hannun biri don kama reshe aka yi shi, ƙafar gaggafa don kama biri. Kafin ka haɗa halittu biyu wuri ɗaya, ka fara tambaya wa ke cin wa.