Buzun Malam a gindin darbejiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fita neman shiru a cikin Kano ba, na same shi, kuma bakina ya ɓata shi.

Ni ɗan ƙauye ne daga wajen Zakirai, zane nake karanta a jami'a. A shekarar ƙarshe malamarmu ta ce kowa ya zano wurin da hankali ke kwanciya a tsakiyar birni, kuma wannan aikin ne zai ɗauki rabin makin darasin. Na yi ta yawo da allon zanena ban samu ba. Ko'ina hon ne da hayaƙin adaidaita sahu, ga masu talla. Ana gobe za a miƙa aiki, takardata fara fat.

Da la'asar na kutsa wani lungu a bayan Rijiyar Zaki, sai na tsaya cak. An gindaya benci a bakin layin, ko babur ba ya wucewa. Wata katuwar darbejiya ta rufe wurin da inuwa, an share ƙasa tas, an shimfiɗa tabarmi, dattawa da samari zaune ba mai ko tari. Rana tana ratsowa ta cikin ganye tana sauka a kan fararen riguna. A gindin bishiyar akwai wani tsohon buzu, ba kowa a kai, sai carbi. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka sun yi shiru tare ba.

Na raɓe a dakalin wani shago na kama zane. (Na ga duk wanda ya zo sai an ɗaga hannu an shafa fuska. Na ce a raina, kai, mutanen kirki, hirarsu ma addu'a ce. Kun ji mai ilimin jami'a.) A ƙauyenmu in an yi rasuwa, kafin a shimfiɗa tabarma kowa ya ji, har wanda ke gona. Ban san a birni ana iya mutuwa a layin gaba ba ka da labari ba.

Da na gama, daɗi ya cika ni, na ga bai kamata in tafi ban gode ba. Na matsa, na cire takalmi, na washe baki.

"Salamu alaikum, barkanku da shan iska. Wallahi wurin nan ya yi kyau. Allah ya maimaita mana irin wannan zama."

Ba wanda ya ce amin. Wani dattijo ya ɗago ya dube ni a hankali.

"Yaro, Allah ya jiƙan Malam za ka ce. Da hantsin nan muka kai shi."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa ina ta'aziyya, ni kaina ban san me nake faɗa ba. Wani magidanci da idonsa ya yi ja, wanda aka ce mini babban ɗan mamacin ne, ya miƙo hannu ya ce in ba shi takardar. Na miƙa, ina jiran ya kekketa.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗora yatsa a kan buzun, wanda na sa a tsakiyar zanen don kawai ya burge ni.

"Nan Baba yake zama tun muna yara. Shi ya dasa bishiyar." Ya ɗago ya dube ni. "Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ɗan'uwa, za ka bar mini wannan?"

Rabin makina ne a hannunsa, kuma ban taɓa yin zanen da ya kai shi ba. Na ce, "Naka ne, Alhaji."

Washegari na miƙa wa malama zanen gonar gero ta ƙauyenmu da na yi a gurguje. Ta juya shi sama da ƙasa ta ce, "To ina birnin?" Da ƙyar na tsallake darasin.

Tun daga ranar, in na ga wuri ya yi tsit a Kano, sai na tambayi mai shago ko lafiya kafin in buɗe baki. Zanen kuwa, an ce yana nan a zauren gidan, an sa masa gilashi, buzun yana shimfiɗe a ƙasansa.