Hannun Jarin Uwaisu

"Ni da kuke gani, tun daga cikin jirgin ƙasa na tube nake jiyo ƙanshin riba!" Haka Uwaisu yake cika mana baki a unguwar Whitechapel duk bayan sallar Juma'a. Bidiyo uku ya kalla a waya, ya naɗa kansa Sarkin Hannun Jari. Ni dai Sarkin Surutu nake ce masa.

Gogan naka ya kwashe kuɗin da shi da matarsa Sakinatu suka tara na deposit ɗin flat, wato kafin alƙalamin gida, ya zuba a hannun jarin wani kamfanin kwamfuta. Wai rahotonsu ya ce an sayar da kaya kaf.

Nashiru, mutumin Gana mai shagon kwamfuta a unguwar Lewisham, ya ce, "Massa, an sayar wa wa? Mu dillalai aka jibge wa! Kwali ya kai silin, ko wurin salla ba ni da shi."

Na ce, "Ka ji ko, sarkin taurin kai? Kaya na kwance a shago, kamfani na kirarin ciniki!"

"Ku ba ku san market ba," in ji Uwaisu. "Da zarar kaya sun yi ƙaranci, jari zai tashi."

Kada ka yi dariya tukuna. Washegari ya zari katin bashi, ya saye kwamfutoci ashirin na shagon Nashiru, wai zai jawo ƙarancin kaya. Ashirin fa! A kamfanin da ke ƙera miliyoyi!

Ranar Litinin kamfani ya zabge rabin farashi don a rabu da kwantai. Hannun jari ya faɗi warwas.

Da Uwaisu ya ji ana mayar wa dillalai bambancin farashi, sai ga shi a Lewisham yana haki.

"Nashiru, ina kasona?"

"Wane kaso? Dillali ake biya, kai customer ne. Amma Allah ya yi maka albarka, ka kwashe min kwantai a tsohon farashi."

"To, karɓi kayanka!"

"Bayan ka farke kwalaye ashirin kana ɗaukar hoto? Ba refund, massa, kuɗi ba ya dawowa."

Ya koma gida, ya tarar da Sakinatu zaune a kan kwalayen, don sun cinye wurin kujera.

"Baban Ihsan, ina kuɗin flat ɗinmu?"

Ya ware hannuwa. "Suna... suna hannun jari."

Ta ƙare wa tafukansa kallo, ɗaya bayan ɗaya.

"Hannun dai ga shi na gani. Ina jarin?"